Ciwon Idon Dabbobi da Magungunan Ɗigawa na Gargajiya: Tambayoyi da Amsoshi daga Tawa

Daga faɗuwar hunturu har zuwa tsakiyar damina, babu ciwon da masu dabba suke yawan tambaya a kansa nan Tawa da ƙauyukan Adar kamar na ido. Rago ya kwana lafiya ya tashi da ido ɗaya a rufe, karen gadi yana ta zubar da hawaye, ɗan kyanwa kwantsa ta liƙe masa idanu. Kafin a je wurin likitan dabbobi, galibi an riga an zuba wa idon abu biyu ko uku: gishiri, sukari, ruwan taba, zuma, ko wata ƴar kwalba da aka gani ana tallarta a Facebook, wai ganye ne zalla. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa. Matsayina tun farko shi ne, ban yarda a zuba wa idon dabba abin da ba a san ƙarfinsa ba a kan ciwon da ba a gano ba.

Kakanninmu sun yi kiwo shekaru aru-aru babu likitan dabbobi. Yau ne za a ce maganinsu ba shi da kyau?

Baba, babu mai hankalin da zai raina sanin makiyayi. Fulani da Abzinawa na Abalak da Cintabaraden suna gane saniya ba ta da lafiya tun daga yadda take tafiya, suna ɗora karaya, suna fitar da ɗan da ya gicce a ciki. Amma ido daban yake da fata. Gilashin nan mai haske da ke gaban baƙin ido, kaurinsa a kare kamar rabin milimita ne, a saniya kuwa bai wuce milimita ɗaya ba. Babu jijiyar jini a cikinsa, shi ya sa yake da haske, shi ya sa kuma ba ya kare kansa da sauri in ƙwayar cuta ta shiga. Abin da za a shafa wa gyambon ƙafa a zauna lafiya, in aka sa shi a nan yana iya huda shi.

Babbar matsalar ma ba ta maganin ba ce kaɗai. Jan ido da hawaye da runtsewa alama ɗaya ce, amma abin da ke kawo ta ya fi goma: ƙaiƙayin gero ko ƙarangiya da ta maƙale ƙarƙashin fatar ido, ƙaya da ta karce gilashin, ƙwayar cuta da ƙudaje suka kawo, tsutsar ido, bushewar hawaye, kumburi daga can ciki, ko ruwan ido da ya taru ya yi ƙarfi. Kowanne da maganinsa, har ma maganin wani guba ne ga wani. Kwalba ɗaya da aka ce tana maganin "duk ciwon ido" ba ta san wanne dabbarka take da shi ba, mai sayar da ita ma bai sani ba.

To ni na hura wa ragona sukari a ido, cikin mako guda ya warke sarai. Wannan fa?

Na yarda ya warke, Alhaji. Tambayar ita ce, da ba a hura ba, da bai warke ba? Ƙaramin karce a gilashin ido yana rufewa da kansa cikin kwana 5 zuwa 7 in ba a dame shi ba. Jan ido mai yaɗuwa a garke ma, dabbobi da yawa suna tashi daga gare shi cikin mako 3 zuwa 6 ko ba a yi musu komai ba, sai dai wasu su fito da tabon fari. Duk abin da aka zuba a tsakanin nan, shi ke kwashe yabon.

Waɗanda idonsu ya fashe kuwa ba a ba da labarinsu a majalisa. Mai dabbar yakan ce ciwon ne ya yi ƙarfi, ya sayar wa mahauta da araha, magana ta mutu. A ɓangaren mutane an ƙirga abin. A wani rahoto na 1994, wasu likitocin ido biyu a Tanzaniya sun duba marasa lafiya 103 masu gyambon gilashin ido, suka tarar kusan ɗaya cikin huɗu gyambon nasa yana da nasaba da maganin gargajiya da aka ɗiga. Ginin idon rago da na kare bai bambanta da namu ba ta wannan fuska.

Cikin abubuwan da ake zubawa, waɗanne suka fi ɓarna?

Na gaba-gaba shi ne farin ruwan tumfafiya. Yana ratsa gilashin ya lalata shimfiɗar ƙwayoyin da ke cikinsa ta baya, waɗanda aikinsu shi ne tsotse ruwa don gilashin ya zauna garau. Cikin ƴan awoyi ido ya yi hazo, kuma ƙwayoyin da suka mutu ba sa dawowa yadda suke. Ruwan aguwa da ake shinge da ita shi ma ƙuna yake yi. Kanwa da ruwan toka sun fi lemun tsami haɗari, domin irin ƙunarsu tana ci gaba da nitsawa ciki ko bayan an goge. Kananzir da fetur ba sai an faɗa ba.

Gishiri da sukari da garin fasasshen tangaran, ana hura su ne da niyyar su kankare farin. Suna kankara kam, amma abin da suke kankarewa shi ne sabuwar fatar da ke ƙoƙarin rufe gyambon. Zafin kuma yana sa dabba ta goga idon a turke ko a bango. Ruwan taba yana sa hawaye su kwarara, sai a ce ciwon ne ke fita, alhali idon ne ke ƙoƙarin wanke tabar. Fitsari, ko ruwan ganyen da aka jiƙa a ƙwarya ya kwana, ƙwayoyin cuta da funfuna suke kai wa buɗaɗɗen rauni. Kwallin kasuwa kuwa, gwaje-gwaje a ƙasashe da dama sun nuna da yawansa dalma ce ta fi yawa a ciki. Nan ne ake garin neman gira a rasa ido.

Malam, zuma fa? Alƙur'ani ya ce akwai waraka a cikinta. Haka ma habbatus sauda.

Haka ne, yana cikin Suratun Nahli, kuma ba ni da ja a kai. Likitocin zamani ma suna sa zuma a kan wasu raunuka da ƙuna. Sai dai zumar da suke amfani da ita an tace ta, an kashe duk wata ƙwayar cuta da ke ciki, an auna ƙarfinta. Zumar da ake sayarwa a jarka a tasha tana zuwa da kakinta da ƙurarta, wata ma an haɗa ta da dafaffen sukari. Tana da zafi a ido, kuma ɗankonta a fuskar dabba kiran ƙudaje ne, su kuwa ƙudaje su ne masu yaɗa ciwon tun asali. Kasancewar abu magani bai nuna ana zuba shi ko'ina a jiki ba. Man habbatus sauda mai yaji ne ga ido, kada a ɗiga shi, musamman ga kyanwa, wadda hantarta ba ta iya sarrafa mayukan tsirrai masu ƙarfi in ta lashe su.

An ce nonon mai shayarwa ko madarar akuya suna wanke ido.

Ba sa kashe ƙwayar cutar da ke cin gilashin ido, a zafinmu kuma madara ba ta daɗewa take lalacewa. Wuri ɗaya ne zan ce a zuba: in kumurci ya tofa wa kare ko akuya dafi a ido a daji, babu ruwa kusa sai madara, a wanke da ita nan take, don gaggawar fitar da dafin ta fi komai. Da an sami ruwa mai tsabta a ci gaba da kwarara shi na minti 15 zuwa 20, sannan a nemi likita a ranar.

Wanda na saya ba na ƙwarya ba ne. A kwalba yake da takarda, daga waje aka kawo shi, an rubuta babu sinadari a ciki.

Hajiya, kyan kwalba ba shaida ba ce. Maganin ido na gaskiya dole ya cika sharuɗɗa uku: babu ƙwayar cuta ko ɗaya a ciki, gishirinsa da tsaminsa sun yi daidai da na hawaye, kuma an gwada shi a kan ciwon da aka ce yana magani. Yawancin kwalaben "ganye zalla" da ake turo tallarsu ta WhatsApp babu hukumar da ta tabbatar sun cika ko ɗaya.

A 2023 a Amurka, wani ruwan ɗigawa na bushewar ido, wanda ba shi da sinadarin hana lalacewa, ya gurɓata da wata muguwar ƙwayar cuta tun daga masana'anta. Mutum 81 suka kamu a jihohi 18, huɗu suka rasu, 14 suka rasa gani, aka ƙwaƙule wa huɗu ido. A watan Satumba na shekarar, hukumar magunguna ta ƙasar ta aika wa kamfanoni takwas takardar gargaɗi kan sayar da magungunan ido marasa izini. Can ke nan, inda ake bincike. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko maras inganci. Ki haɗa da rana: yawancin magungunan ido ana so a ajiye su ƙasa da digiri 25 zuwa 30, Tawa kuwa a watan Afrilu da Mayu ta kan haura 40. Kwalbar da ta wuni a faranti a kan mai talla, ko ta gaske ce ba a san abin da ya rage a cikinta ba.

Idon karena ya yi fari. Akwai maganin ɗigawa da aka ce yana narkar da yana ba sai an yi aiki ba.

Fari iri-iri ne, a fara rarrabe su. Akwai hakiya, tabon da gyambo ya bari a saman gilashi. Takan ragu da kanta cikin watanni, kuma duk abin da aka hura don a cire ta sabon rauni yake yi. Akwai hazo mai shuɗi-shuɗi da ke rufe gilashin duka, wanda kan zo da kumburi daga can cikin ido ko hawan jinin ido, wato taruwar ruwan ido har ya yi ƙarfi, wannan na gaggawa ne. Akwai toka-tokar da ke bayyana can cikin idon karen da ya haura shekara 6 ko 7, tsufa ne kawai, yana gani, ba ya bukatar komai. Sannan akwai yana ta ainihi, inda madubin da ke bayan baƙin ido ya daskare ya yi fari.

Yana ba ta narkewa da ɗigo. An gwada. A 2015 masu bincike daga Sin da Amurka sun ba da rahoton wani sinadari mai suna lanosterol ya rage yana a idon karnuka da zomaye, duniya ta ɗauka, amma gwaje-gwajen da suka biyo baya a kan madubin idon mutane ba su ga ya narkar da komai ba. A 2017 ƙungiyar Cochrane mai tace binciken likitanci ta duba wani ɗigon da aka fi talla don yana, ba ta sami hujjar cewa yana aiki ba. Har yau aikin tiyata ne kaɗai ke cire ta. Abin da ke ba ni takaici shi ne watannin da ake ɓatawa ana ɗigawa, alhali yanar da ta zo wa kare farat ɗaya a idanu biyu sau da yawa alamar ciwon sukari ce. Kusan uku cikin huɗu na karnuka masu wannan ciwo suna yin yana cikin shekara guda. In yana yawan shan ruwa da fitsari yana ramewa, jininsa za a auna.

Ina da ragowar maganin ido na farmasi da aka rubuta wa yarona. Wannan ai na likita ne.

A karanta jikin kwalbar. In akwai deksametazon ko wani ɗan'uwansa cikin magungunan kwantar da kumburi, kada a kusanci idon dabba da shi sai an tabbatar babu gyambo. Yana ɗauke ja cikin kwana ɗaya, mai dabba ya yi murna, alhali ya hana raunin rufewa, ya kuma buɗe wa ƙwayar cuta hanya. Gyambo irin wannan yana iya narkewa ya huje cikin kwana ɗaya ko biyu. A doki da jaki abin ya fi muni, don funfuna na saurin kama idonsu. Kwalbar da aka buɗe ta wuce mako huɗu kuma, ta shara ce.

To me zan yi da hannuna kafin in sami likita?

A wanke, a sa a inuwa, a kori ƙuda. Abin wankewa mafi kyau shi ne serum na farmasi, ruwan gishirin nan mai ƴan ƙananan robobi da ake wanke wa jarirai hanci. In babu, a tafasa ruwa lita ɗaya da gishiri giram 9, wato ƙaramin cokali ɗaya da rabi a shafe, a bar shi ya huce a rufe, a yi amfani da shi a ranar kaɗai. Kada a ƙara gishirin da sunan ƙarfi, wannan awon shi ne daidai da hawaye. A kwarara shi da sirinji maras allura daga gefe, kada bakin ya taɓa ido. A goge kwantsa da auduga mai tsabta, kowane ido da tasa.

A ware dabbar daga sauran, a ɗaure ta inda babu rana da iska mai ƙura. A daina zuba mata harawa ko dusa daga sama, a ɗan yayyafa wa dusar ruwa. A share kashi daga turke. Kare ko kyanwa da ke susar ido, a yanka kwali mai tauri a yi musu faffaɗan abin wuya da zai hana ƙafa kaiwa fuska. In an hango ƙaya a soke cikin ƙwayar idon, kada a ja ta.

Yaushe ne ba a jira gobe?

In dabba ta rufe ido gam ba ta yarda a taɓa. In an ga rami ko ɗigon fari ko rawaya a kan gilashi, ko wani baƙin abu ya ɓullo daga cikinsa. In ido ya kumbura ya fi ɗan'uwansa girma, ko ya fito waje, ko jini ya kwanta a ciki. In dabba ta fara karo da abubuwa. Hawan jinin ido a kare yana iya kashe gani cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma ba ya dawowa. Ƙaramin hawaye ma, in an wanke kwana biyu bai ragu ba, a kai.

Me likitan zai yi da ni ba zan iya ba?

Zai ɗiga maganin kashe zafi ya ɗaga fatar ido ta uku, wannan farar da ke leƙowa daga kusurwar hanci. Bayanta ne ƙaiƙayi da tsutsar ido suke ɓuya, kuma in ƙaiƙayi ne, duk maganin duniya ba zai warkar da idon ba sai an sa hantsaki an cire shi. Zai taɓa idon da wata ƴar takarda mai rini, fuloresin, wadda ke mai da wurin gyambo kore shar, nan take a san ko akwai rauni da faɗinsa. In kare ne mai kwantsa mai kauri kullum, akwai wata takardar da ake saƙalawa a fatar ido minti ɗaya a auna hawaye, lafiyayye yakan jiƙa milimita 15 ko fiye. Bayan wannan ne ake zaɓen magani, kuma sau da yawa ba mai tsada ba ne: man ido na tetrasiklin, ko allurar oksitetrasiklin, ko ibarmektin in tsutsa ce.

Tumakina da yawa sun kamu lokaci ɗaya.

Wannan ciwo ne mai yaɗuwa, ƙudaje da cunkoso da ƙura ke kai shi daga ido zuwa ido. A shanu ƙwayar da ake kira Moraxella bovis ce ta fi jawo shi, a tumaki da awaki wasu ne daban, amma dukansu suna jin tetrasiklin in an fara da wuri. Bin su ɗaya bayan ɗaya da tsumma guda ko ƙwarya guda yaɗa shi ne da hannunka.

A duba sauran jiki kuma. In bayan hawaye akwai zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo, ana mutuwa, to ba ciwon ido ba ne, yana iya zama annobar nan ta awaki da tumaki da gwamnati ke yi wa rigakafi kowace shekara. A sanar da ma'aikatan kiwo, su ke ɗaukar samfur su kai LABOCEL, ɗakin binciken dabbobi na ƙasa da ke Yamai, mai reshe a nan Tawa. A ƙarshen rani kuma, dabbar da ta yi watanni ba ta ga ɗanyar ciyawa ba tana iya yin dundumi da hawaye saboda ƙarancin bitamin A. Maganinta ta baki ko ta allura yake shiga.

Ƴaƴan kyanwata idanunsu sun liƙe da mugunya.

A jiƙa auduga da ruwan gishiri mai ɗumi a ɗora a hankali har fatar ta buɗe, don mugunyar da ta taru a ciki tana cinye idon. Yawanci murar kyanwa ce, tana zuwa da atishawa, kuma suna bukatar man ido daga likita. Kada a ba kyanwa parasetamol ko kaɗan, kashe ta yake yi. Ɗan kwikwiyo mai kwantsa da majina da tari shi ma ciwon jiki ne gaba ɗaya, wanda allurar rigakafi ke hanawa.

Muna nesa da gari, kuɗin mota ma ya fi kuɗin maganin.

Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ke tura mutane ga ƙwarya. Tun farkon shekarun 2000 aka fara kafa tsarin likitocin dabbobi masu zaman kansu na kusa da makiyaya a Nijar, kowane da mataimakansa da aka horar a ƙauyuka, ga kuma ma'aikatan kiwo na gwamnati a gundumomi. A nemi lambar wanda ya fi kusa tun dabba tana lafiya. A ɗauki hoton idon da rana, kusa-kusa, a tura masa. Hoto ba ya maye gurbin dubawa, amma yana isa ya ce a wanke a jira, ko a taso yanzu. Ranar kasuwa ma ana samunsu a kara.

Kare ne fa. Har sai an kashe masa kuɗi?

Shi ke kwana a waje yana tsare maka garke da gida. Hadisi ya zo da labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Ciwon gyambon ido yana cikin mafi zafi da mai rai ke ji, dabba dai ba ta da bakin faɗa ne.

Ragon layyata ne ya kamu, saura wata ɗaya salla. In yi masa allura?

A kai shi yau. Cikin dabbobi huɗu da hadisin Bara'u ɗan Azib ya ce ba sa isar wa layya har da mai ido ɗaya wadda lahaninta ya bayyana, don haka Balami ko Uda da aka yi wata shida ana turkawa yana iya tashi daga layya saboda cokalin gishiri guda. Sai dai a gaya wa likita ranar da za a yanka. Allurar oksitetrasiklin mai daɗewa a jiki tana bukatar a jira, yawanci mako 3 zuwa 4, kafin a ci naman, kuma adadin kwanakin yana rubuce a jikin kwalba. In lokacin ya ƙure, likita zai iya zaɓar man ido maimakon allura, a riƙa sawa sau uku ko huɗu a rana, ragon yana ɗaure a inuwa.